Bakwai Mai Karyayyen Wuya

Danao, 6 ga Fabrairu, 1995

Noy Takyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka da ƙarfinka. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwa da ke tuna mini da kanta duk lokacin da na hau matakalar makaranta.

Na san kana juya ambulan kana tambayar wace ce kuma Crisanta Batulan. Ni ce 'yar Prudencio, wanda kuke ce wa Tiyo Densyo. Mahaifiyarka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, don haka ko an yi nisa jini bai tsinke ba. Rabona da ganinka tun ina shekara goma sha biyu, kafin a kai ni makarantar kwana ta sistoci a birnin Cebu. Adireshinka a bayan wani tsohon katin Kirsimeti na same shi cikin akwatin Tatay, mahaifina.

Tatay ya rasu ran sha tara ga Nuwamba, bayan shekara shida yana kwance ina jinyarsa. Ban yi aure ba, ba ni da wa ba ni da ƙani, yanzu daga ni sai gidan.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bana shekara hamsin da ƙare yaƙin Japan, kwamitin ƙauyenmu na Bantol za su kafa dutse a gaban coci, da allon tagulla mai sunayen waɗanda suka shiga duwatsu suka yi yaƙi. An liƙa sunaye ashirin da uku a ƙofar coci. Na karanta sau uku, babu na Tatay. Na sami shugaban kwamitin, Abundio Roble, tsohon sajen ɗin 'yan sandan nan, ya ce su takarda suke bi, Tatay kuwa bai taɓa zuwa ya yi rajistar tsoffin mayaƙa ba. Ya ce in kawo shaida kafin tara ga Yuli, ranar da za su rufe sunaye. Mutumin da ya yi shekara uku yana cin rogon daji, da tabon harsashi a cinya har kabari, wai shi ake nema wa shaida!

Abin da nake da shi libarba ce. Tana naɗe cikin tsohon buhun fulawa, kowace Lahadi bayan coci Tatay yakan fito da ita ya shafa mata mai ya mayar. Ya ce wani hafsan Amurka ne ya danƙa masa ita a 1945, bayan ya bi da su ta hanyoyin duwatsu. Ka san garinmu, a bayan kowane gida akwai rumfar maƙera, kowa masanin bindiga ne. To amma shekara ashirin da bakwai ina gaya wa 'ya'yansu a aji cewa paltik, bindigar da iyayensu ke ƙerawa a ɓoye, sana'ar kunya ce, ba zan je yanzu in ce su duba mini tawa ba. Kai kuwa na ji a shago mai lasisi kake gyaran bindigogi. Ina so ka gaya mini inda aka yi ta, da shekarar da aka yi ta, da darajarta. Ba sayarwa zan yi ba, ina dai son in san abin da nake kwana da shi a ɗaki.

'Yar'uwarka,
Crisanta

Manila, 1 ga Maris, 1995

Day Santa,

Na ga takardarki, na kuma ji rasuwar Tiyo Densyo. Allah ya ba shi hutawa. Na rufe shago na hau sama na zauna, ban iya cin abinci ba ranar.

Lafiyata da sauƙi, idon hagu ne ya yi yana, na dama ke ɗauke da aikin su biyu. Ina nan inda katin ya nuna, a ɗakin saman shago, tagata tana kallon bangon maƙwabta. Leoning matata shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwa. Ɗana Rodel yana aikin jirgin ruwa, in ya tuna ya aiko kati daga wata ƙasa da ban iya faɗin sunanta ba. Da mai kawo wasiƙu ya miƙo mini taki sai da na ce masa ya sake duba sunan.

Ta yaya zan manta ki? Yarinya mai kitso biyu da ke gyara wa manya magana a wurin cin abinci. Ashe malama kika zama, gaskiya an ajiye ƙwarya a gurbinta.

Maganar libarba. Kada ki sako ta a gidan waya, kada kuma ki hau jirgi da ita, ki jawo wa kanki abin da ba ki nema ba. Ki fara tabbatarwa babu harsashi a ciki. Sannan ki sami takarda mai laushi, irin ta naɗin taba, ki ɗora a kan duk inda aka buga rubutu, ki kwantar da fensir ki goga a hankali har rubutun ya fito fari. Ki yi na bututun, ki yi na gindin mariƙa inda lamba take. Ki gaya mini ramukan harsashi nawa ne a gangar, ta wane ɓangare take juyawa, kuma ko akwai ɗan zobe a gindi na ɗaura igiya. Katakon mariƙar kuwa kada ki kwance shi, tsohon katako ne, yana iya tsagewa.

Bishiyar mangwaron nan ta bayan gidanku tana nan? Na sha duka a kanta.

Naki,
Takyo

Danao, 19 ga Maris, 1995

Noy Takyo,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙin ido. Ka je asibiti mana, yana ai cire ta ake yi, ba zama ake da ita kamar baƙuwa ba.

Ga gogen fensir guda uku, sai da na ɓata takarda tara kafin hannuna ya faɗa. Ramuka shida ne, gangar tana juyawa hagu, zoben yana nan. Lambar ita ce V 381407. Bakwai ɗin ƙarshe wuyansa a karye yake, kamar an ɗan sare shi. Katako ban taɓa ba.

Mangwaro guguwa ta kayar da shi tun shekara biyar. Gidan kuwa yana nan yadda ka san shi, sai dai ya yi mini yawa. Har yau in na tashi dafa tsakin masara da busasshen kifi na mutum biyu nake aunawa, sai na kwashe nake tunawa. Kujerar Tatay tana bakin taga, ba na zama a kai, ba na kuma iya kawar da ita. Daga nan ina jin magagari a rumfar 'ya'yan Nang Sioning maƙwabciyata, tun safe har yamma. Da ita gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma don dole.

Kuskuren rubutu goma sha huɗu na samu a takardarka. Na ja musu layi da jan alƙalami kafin in tuna ba ɗan ajina ba ne. Ka yi haƙuri, hali zanen dutse.

Crisanta

Manila, 10 ga Afrilu, 1995

Day Santa,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta lafa. Ki riƙa shafa man kwakwa da citta, Leoning da shi take yi. Goma sha huɗu kawai? Ai na ci gaba, malamin da ya kore ni daga aji uku da ya ji da ya yi murna.

Gogen ya fito tas. Na buɗe littafin lambobi na maigidana, wanda ake gane shekarar bindiga da shi. Lambar nan ta gaske ce, Day. A Amurka aka buga ta a 1943, cikin waɗanda aka yi wa sojoji, zoben nan ma nasu ne. Tiyo Densyo bai yi ƙarya a kan Ba'amurken nan ba, wannan ki riƙe shi da hannu biyu. Masu tara tsofaffin bindigogi a nan sukan saya irin ta sojojin nan da abin da ya kai albashin malami na wata uku ko huɗu.

Amma akwai sauran magana, kada ki nuna wa kowa ita tukuna. Ki auna mini tsawon bututun da zare, ki yanke ki sako zaren. Ki ɗora ta a sikeli ki gaya mini nauyinta. Ki ɗaga bututun ga hasken taga ki ƙirga layukan da ke ciki. Babu gaggawa, ki yi ɗaya bayan ɗaya.

Jiya na sayi budbud a wurin wata mata 'yar Cebu a bakin kasuwa. Shinkafar ta yi tauri, ganyen ayabar ma ba ya ƙamshi, amma ta ce mini Noy, wato yaya, da harshenmu, sai na sayi biyar. Har yanzu ana kawo cukun nan namu naɗe a ganye ranar Lahadi? Ki ba ni labari.

Takyo

Danao, 2 ga Mayu, 1995

Noy Takyo,

Gaisuwa da godiya. Lafiya ƙalau nake, tun da takardarka ta zo ko gwiwar ban ƙara ji ba.

Ta gaske ce! Layin nan na karanta shi har na haddace. Na kai takardar makabarta na karanta wa Tatay da ƙarfi, ban damu da mai ji ba. Na tare Sajen Roble bayan coci na ce masa shaida tana tafe, daga bakin masani na Manila. Ya ce to, Malama, muna jira.

Kada ka damu, ban nuna wa kowa ita ba, na san ɓarayi kake ji mini. Ga zare. Nauyinta na rubuta a bayan takarda, da sikelin ɗakin girkin makaranta na auna ranar Asabar babu kowa. Layuka biyar na ƙirga. Ban ga abin da zare zai ƙara wa littafi ba, amma kai ne mai sana'a. Cuku ana kawowa, ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance.

Ka rubuto mini bayani guda, a tsare, wanda zan ajiye a gaban kwamiti.

Crisanta

Danao, 18 ga Yuni, 1995

Noy Takyo,

Ina fata lafiya. Mako shida ke nan shiru. Kullum in na dawo daga makaranta sai na leƙa ƙarƙashin ƙofa, har mai kawo wasiƙu ya fara kauce mini a hanya. Ko ciwo ne, ko na yi laifi da jan alƙalamina? In laifi ne ka faɗa.

Saura mako uku. In ban ji daga gare ka ba zan ɗauki libarbar da takardarka ta Afrilu in kai musu, ai ta isa.

Crisanta

Manila, 2 ga Yuli, 1995

Day Santa,

An yi mini aikin ido, ina gani dishi-dishi, ki yi haƙuri da rubutun. Don Allah kada ki kai ta gaban kwamiti. Cewa na yi lambar ta gaske ce, ban ce bindigar ba. Ki jira takardata ta gaba, zan gaya miki komai.

Takyo

Danao, 10 ga Yuli, 1995

Eustaquio Enad,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, tunda ka iya riƙe alƙalami kana da ita. Takardarka ta biyu ga wata yau da rana ta iso, ta makara da kwana ɗaya.

Bari ka ji abin da ka jawo mini. Jiya bayan coci na shiga zauren taro da kayana na zuwa biki. Mutum ya fi arba'in, tsofaffi a gaba, mata a baya, har Nang Sioning. Na miƙe na yi bayani kamar ina aji, na karanta layinka da ƙarfi, na kwance buhun na ajiye ta a kan tebur. Sajen Roble ya ɗauka ya juya gindinta, ya sa tabarau ya fara karanta lambar. Ya ce V, uku, takwas, ɗaya. Bai ƙarasa ba tsofaffin nan suka amsa baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya, huɗu, sifili, bakwai. Wani daga baya ya ce, mai karyayyen wuya. Sai zauren ya ɗauki dariya.

Na tsaya ban gane ba. Roble ya ce a shekara talatin da ya yi yana aiki ya kama bindiga sama da sittin masu wannan lambar, har ya daina rubuta ta a rahoto, sai ya sa ta Bantol kawai. Ya nemi sukundireba, mutum biyar suka zaro daga aljihu. Katakon da ka ce zai tsage ya fita salin-alin. A ƙarƙashinsa an zana ɗan kifi, da E.E., da 58. Wani tsoho ya leƙa ya ce ai wannan hannun Takyo ne, ɗan Enad.

Wata mata da na koyar da 'ya'yanta huɗu ta ce, yadda kowa zai ji, "Ashe Malama ma da paltik take kwana."

Roble ya mayar da katakon ya naɗe ta ya miƙo mini. Ya ce, "Malama, mayar da ita gida. Ni ban ga komai ba." Da ya kama ni da ya fi mini wannan tausayin.

Na tako gida a ƙasa, buhun a ƙirjina, babu wanda ya biyo ni. An rufe sunaye ashirin da uku. Yanzu duk Bantol sun san Tatay maƙaryaci ne, 'yarsa kuma sakarya. Kai ka ƙera ta da hannunka, ka sa ni auna zare, ka sa ni satar shiga ɗakin girki da sikeli. Me na yi maka? Mutum ɗaya na yarda da shi a duniyar nan bayan Tatay, shi ma don ba na ganinsa ne.

Kada ka ƙara ce mini Day kamar wata ƙanwarka.

Crisanta Batulan

Manila, 24 ga Yuli, 1995

Crisanta,

Ina gaisuwa ko ba za ki amsa ba. Idon ya warke, yanzu ina ganin rubutunki sarai, har inda alƙalami ya huda takarda. Na cancanci duk abin da kika faɗa. Abu ɗaya ne ban yarda ba, Tiyo Densyo ba maƙaryaci ba ne. Ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki sa a murhu.

Ba'amurken ya ba shi libarba, na gan ta, na riƙe ta. Shekarar da aka haife ki, 1946, yunwa ake a Bantol. Japanawa sun cinye dabbobi, masara ta ƙi. Maƙeranmu a lokacin bindigar bututun ruwa kawai suka iya, mai harbi ɗaya, wadda ba ta da kasuwa, takan kuma tafi da yatsun mai ita. Mahaifinki ya shigo rumfar mahaifina ya ajiye libarbar a kan benci, ya ce a kwance ta a auna. Daga nan ta fara yawo, mako biyu a wannan rumfa, wata guda a waccan, shekara goma sha biyu. Babu mai karanta Turanci a cikinsu. Duk abin da suka gani a jikinta suka kwaikwaya, har lambar, don sun ɗauka sunan irin bindigar ke nan. Bakwai ɗin nan dutse ne ya sare shi ranar da Tiyo ya faɗi da harsashi a cinya. Shi ma suka kwaikwaye shi, mahaifina har ya mari wani almajirinsa don ya buga bakwai lafiyayye.

Rajistar da bai yi ba, ga dalilinta. Duk wanda ya je sai an tambaye shi makamin da ya fito da shi daga daji, ya miƙa ko ya faɗi inda yake. In ya miƙa, rumfuna sun mutu. In ya faɗi inda take, rabin ƙauye sun tafi kurkuku. Sai ya ƙi zuwa, ya bar fansho, ya bar suna.

A 1958 'yan sanda suka kai samame rumfarmu, suka tafi da ta asalin, suka tafi da mahaifina shekara biyu. Ina da shekara goma sha tara. Kunya ta hana ni haɗa ido da Tiyo, a hannunmu ta salwanta. Na sami ƙarfen wani mataccen jirgin ruwa, na yi wata biyar ina gogawa, ban taɓa yin aiki mai kyanta ba kafin nan ko bayan nan. Da na kai masa ya jinjina ta a hannu, ya yi dariya ya ce ta fi waccan nauyi ta hagu. Sannan ya ce kada yarinyar nan ta sani, tana wurin sistoci, a bar ta ta fito da hannu mai tsabta. Na yi masa alkawari.

Kin tambaye ni abu uku, ga amsarsu. A Bantol aka yi ta, a bayan gidanmu. Shekararta talatin da bakwai. Darajarta a kasuwa ba ta kai buhun masara biyu ba, a kotu kuwa shekaru ne a gidan yari.

Saura wanda ya fi nauyi. Tun takardarki ta farko na san wace bindiga ce, da na ga gogen fensir kuwa sai da na gane inda hannuna ya zame a harafi na uku. Alkawarin Tiyo ya ɗaure mini baki, gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. Zaren nan da sikeli da ƙirga layuka, babu wanda nake buƙata. Takarda nake so ta zo. Na san ranar da na faɗa miki gaskiya magana ta ƙare, sai na yi ta jan ta. Aikin ido mako biyu ya kwantar da ni, sauran makonnin tsoro ne. Na rubuta miki sau huɗu na yaga. Son raina ya sa aka yi miki dariya a gaban mutane, ba ni da abin cewa.

Yau na aika wa Sajen Roble duk labarin nan da sa hannuna. In maigidana ya ji cewa ɗan paltik ne ke riƙe masa shago mai lasisi, sallamata zai yi. Ya yi ɗin.

Takyo

Manila, 12 ga Satumba, 1995

Crisanta,

Gaisuwa. Ina nan lafiya, aiki ma har yanzu ba a kore ni ba. Ba amsa nake nema ba. Na ji a rediyo an yi ruwa mai ƙarfi a Cebu, na tuna rufin gidanku na ɓangaren gabas tun da can yana yoyo. Ki sa a duba.

Takyo

Danao, 8 ga Oktoba, 1995

Noy Takyo,

Ina gaisuwa, na ji daɗi ido ya warke. Gwiwa ta dawo da aikinta. Rufin gabas yana yoyo, na tara roba uku.

Takardarka ta Yuli ban sa ta a murhu ba, amma ta yi wata guda a ƙarƙashin tulun gishiri ina wucewa ina harararta. Sajen Roble ya zo har gida da wadda ka aika masa. Ya ce ya yarda da kowace kalma, shi kansa uban matarsa yana cikin masu rumfunan. Sai dai ba zai iya sa ta a kundin kwamiti ba, don kundin ofishin gwamnati za shi, ga sunayen mutane birjik a ciki. Ya ƙone ta a gabana, don haka ka kwantar da hankalinka a kan aikinka.

An buɗe dutsen ran uku ga Satumba, da ganguna da jawabai. Na tsaya can baya ƙarƙashin lema. Sunaye ashirin da uku, babu na Tatay. Na dawo na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ba rashin sunan kaɗai ba. Shekara shida ina juya mutumin nan a gado, ina wanke shi, ina ba shi abinci a baki, yana jin abin da nake faɗa a kan maƙwabta duk lokacin da magagari ya dame ni, bai taɓa ce mini ki yi shiru ba.

Lahadin da ta wuce Fada, limamin cocinmu, ya yi faɗa a kan mumbari, wai wasu marasa tarbiyya sun ɓata allon tagulla. Da aka tashi na je na duba. A ƙarƙashin suna na ashirin da uku, a layi daidai da sauran, an buga V 381407. Bakwai ɗin da karyayyen wuyansa.

Noy, ni malamar rubutu ce, na san aikin hannu ɗaya, na san na hannaye da yawa. V ɗin ya nutse sosai, ukun ya ɗan karkace, sifilin da ƙyar ya kama kamar mai guduman ba shi da sauran ƙarfi. Mutum bakwai ne, kowa ya buga ɗaya. Fada ya ce Roble ya bincika. Roble ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya sunkuya ya duba allon, ya ce shi bai ga komai ba.

Da yamma Nang Sioning ta shigo ba sallama, da budbud a faranti. Kafin in yi magana ta zauna a kujerar Tatay. Na buɗe baki zan ce ta tashi, sai na fasa. Ba ta ba ni haƙurin dariyar da ta yi ba, ni ma ban ba ta haƙurin shekara ashirin da bakwai ba. Ta ce, "Day, rabin yaran da kika koyar, da lambar nan aka saya musu fensir." Ta ce ƙaramin ɗanta zai zo ya duba rufin. Na tambaye ta wa ya buga sifilin, ta ce in ci budbud kafin ya huce.

Har yanzu ina kan bakana cewa bindiga ba abin alheri ba ce, na kuma san wasu daga cikin masu lambar nan sun kwantar da 'ya'yan mutane. Ban san yadda zan haɗa wannan da wancan ba, ban kuma san me zan ce wa 'yan ajina ba, shi ya sa bana na tsallake darasin.

Kai ma ban gama yafe maka ba, kada ka saki jiki. Na dai sayi sukundireba na kwance katakon da kaina na ga kifin. Idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma. Na shafa mata mai na mayar cikin buhu, yau Lahadi.

Ga gogen fensir a ciki, na allon tagulla ne, na yi shi da rana tsaka mutane suna kallona. Wannan karon takarda ɗaya ta ishe ni. Kuskure goma sha ɗaya ne a doguwar takardarka, ban ja wa ko ɗaya layi ba.

Ba ni da sauran tambaya a kan bindiga, Noy. Ka rubuto duk da haka.

Day Santa